Sankarar Cikin Mahaifa: Abin Da Kamannin Ƙwayoyin Ciwo Ke Nunawa, Da Inda Shaidarsu Ta Tsaya

A shekarar 2023, Tarayyar Ƙungiyoyin Likitocin Mata da Haihuwa ta Duniya, wadda aka fi sani da FIGO, ta sauya ma'aunin da ake ƙayyade matakin sankarar cikin mahaifa da shi. A ma'aunin da ya gabata, na shekarar 2009, mataki yana bayyana abu guda ne kawai, wato nisan da ciwon ya yi daga inda ya tsiro. Sabon ma'aunin ya shigo da siffar naman ciwon kansa, kamar yadda take bayyana a ƙarƙashin madubin likita, har ma da sauye-sauyen da suka auku a cikin ƙwayoyin gadonsa. Saboda haka mata biyu da ciwon ya ci bangon mahaifarsu daidai wa daida za su iya fitowa daga tiyata, a rubuta wa ɗaya mataki na 1, a rubuta wa ɗayar mataki na 2. Wannan ya rikita marasa lafiya da iyalansu, domin takardar sakamakon gwaji ta cika da lambobi da haruffa masu kama da juna amma ma'anarsu daban. Warware wannan ruɗani yana buƙatar a fara daga tushe, wato abin da likitan binciken nama yake dubawa a kan ɗan gilashin da aka shimfiɗa samfurin, da dalilin da ya sa aka daina dogaro da ganin idonsa shi kaɗai.

Inda ciwon yake tsirowa

Mahaifa tana da baki, tana kuma da jiki. Sankarar bakin mahaifa, wadda ƙwayar cutar HPV ke haddasawa kuma ake yi wa rigakafi, ciwo ne dabam da wanda ake magana a kansa a nan, kuma gwajin da ake yi don gano ta da wuri ba a tsara shi don gano sankarar cikin mahaifa ba. Wannan ta biyun tana farawa ne daga shimfiɗar da ke lulluɓe da cikin mahaifa, wadda ke yin kauri duk wata a ƙarƙashin tasirin sinadarin estirojin, ta nuna a ƙarƙashin tasirin furojestaron, sannan ta zube a matsayin haila idan ba a sami ciki ba. Idan aka duba lafiyayyar shimfiɗa a madubin likita, za a ga ƙananan bututu masu fitar da ruwa, kowanne an jera masa dogayen ƙwayoyin halitta a gefe cikin tsari, da tazara ta nama mai laushi tsakanin bututu da ɗan'uwansa. A bayan shimfiɗar kuma akwai tsokar mahaifa mai kauri.

Alƙaluman duniya na shekarar 2022 sun nuna kimanin mata 420,000 da aka gano suna da sankarar jikin mahaifa, da kusan 98,000 da ta yi ajalinsu. Galibi tana bayyana ne bayan mace ta daina haila, kuma kimanin tara cikin goma na masu ita suna fara ganin alamar ne ta hanyar zubar jini, abin da ya sa ake gano yawancinta tun ba ta fita daga mahaifa ba.

Me ake nufi da bambantuwar ƙwayar halitta

Dukkan ƙwayoyin halittar jikin mutum daga ƙwaya ɗaya suka fito, kuma kundin gado iri ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya sa ta ido ta zama ta ido, ta hanta ta zama ta hanta, shi ne kowacce tana buɗe wani sashe na kundin ta yi aiki da shi, ta bar sauran a rufe. Wannan ɗaukar siffa da aiki na musamman shi masana ke kira bambantuwa. Ƙwayar shimfiɗar mahaifa da ta kammala bambantuwa tana da alamomi sanannu: ta san sama da ƙasa, cibiyarta tana zaune a gindi yayin da fuskarta ke kallon ramin bututu, tana haɗa kai da maƙwabtanta su gina bututun, kuma tana da makarɓan da take jin umarnin estirojin da furojestaron da su.

Idan ƙwaya ta zama ta sankara, ba lallai ta manta da wannan tarbiyya gaba ɗaya ba. Wata takan ci gaba da gina bututu, sai dai a cunkushe kuma babu tazara. Wata takan manta rabi. Wata kuwa takan rasa komai, ta yi ta hayayyafa a dunƙule ba tare da wani tsari ba, har mai dubawa ya kasa gane daga wane nama ta fito sai ya nemi taimakon wasu gwaje-gwaje. A nan akwai tarkon harshe da ya kamata a kula da shi. Idan takardar sakamako ta ce ciwon ya bambantu sosai, mai karatu zai iya ɗauka cewa ya yi nisa da lafiyayyen nama, alhali kishiyar haka ake nufi: ƙwayoyin sun riƙe kamannin asalinsu, kuma wannan shi ne labari mafi sauƙi. Wanda aka ce bambantuwarsa ta yi rauni shi ne wanda ya yi watsi da kamannin asali.

Tunanin ya daɗe. A shekarar 1890 masanin cututtuka ɗan ƙasar Jamus, David von Hansemann, ya bayyana yadda ƙwayoyin sankara ke rasa siffar da suka gada, kuma a shekarar 1920 Albert Broders na asibitin Mayo da ke Amurka ya mayar da wannan lura zuwa ma'auni mai lamba, inda ya nuna a kan sankarar leɓe cewa gwargwadon nisan ƙwayoyi daga kamannin asali, gwargwadon munin yadda ciwon ke tafiya. Daga wannan aiki ne ajin sankara da ake rubutawa yau a matsayin G1, G2 da G3 ya samo asali.

Yadda ake ba ciwo aji

Kalmomi uku ne ake yawan cakuɗawa, kuma dole a raba su. Nau'i shi ne irin naman da ciwon ya yi kama da shi. Aji shi ne gwargwadon yadda ya riƙe wannan kamanni. Mataki kuwa, a ma'anarsa ta asali, shi ne inda ciwon ya kai a jiki. Ciwo zai iya zama aji na 3 amma yana mataki na 1, kamar yadda zai iya zama aji na 1 amma ya riga ya isa kaluluwar ƙugu.

Samfurin da ake dubawa yana zuwa ne daga ɗan naman da aka tsotso da siririn bututu, ko wanda aka kankaro a wankin mahaifa, ko daga mahaifar gaba ɗaya bayan an cire ta. Ana jiƙa shi a fomalin, a daskarar da shi cikin kakin farafin, a yanka shi siriri ƙwarai, a rina shi da rini biyu, ɗaya mai mayar da cibiyar ƙwaya shuɗiya, ɗaya mai mayar da sauran jikinta ruwan hoda.

Nau'in da ya fi yawa, wanda ya kai kusan kashi 80 cikin 100, shi ne endometiriyod, wato mai kama da shimfiɗar mahaifa, kuma shi ne ake rarrabawa aji-aji. Ƙa'idar da FIGO ta kafa tun 1988 ta rataya ne a kan tambaya ɗaya: kashi nawa na ciwon ya daina gina bututu ya koma dunƙulallen nama? Idan bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, aji na 1 ne. Daga kashi 6 zuwa 50, aji na 2. Abin da ya haura rabi, aji na 3. Akwai sharuɗɗa biyu da ke biye da wannan lissafi. Na farko, wannan nau'i yakan sami wuraren da ƙwayoyinsa suka juya suka ɗauki siffar ƙwayoyin fata, kuma irin waɗannan wurare, ko da sun bayyana a dunƙule, ba a ƙidaya su, domin su ma wani salon bambantuwa ne. Na biyu, idan cibiyoyin ƙwayoyin sun yi muni ƙwarai fiye da yadda tsarin bututun ya nuna, wato sun kumbura, sun saɓa wa juna a girma da siffa, ana ɗaga ajin da daraja ɗaya.

Duk wanda ya yi tunani a kan waɗannan iyakoki zai ga inda matsala take. Babu ma'aunin da ke tantance kashi 5 daga kashi 7 a kan gilashi, kintace ne na ƙwararren ido. Da yake kuma bincike ya nuna cewa aji na 1 da na 2 ba su cika bambanta ba a yadda suke ƙarewa, kundin rarraba ciwace-ciwace na Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya karkata ga raba su gida biyu kawai: ƙaramin aji, wanda ya haɗa na 1 da na 2, da babban aji, wato na 3. Wuri ɗaya da har yanzu raba na 1 da na 2 yake da nauyi shi ne wajen matashiyar da ke son a bar mata mahaifarta, kuma za a zo kan wannan a gaba.

Nau'o'in da ba a yi musu lissafin bututu

A shekarar 1983 likitan sankarar mata na birnin Leningrad, Jan Bokhman, ya raba wannan ciwo gida biyu bisa abin da ya gani ga marasa lafiyarsa. Gida na farko yana tasowa ne inda estirojin ya daɗe yana aiki a kan shimfiɗa ba tare da furojestaron ya taka masa birki ba. Ƙiba ce babbar hanyar hakan, domin kitse yana sarrafa wasu sinadarai ya mayar da su estirojin ko bayan daina haila. Rashin fitar ƙwai a kai a kai, fara haila da wuri, jinkirin daina ta, rashin taɓa haihuwa, shan estirojin shi kaɗai, da maganin tamoksifen na sankarar mama duk suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin. Irin wannan ciwo yakan bi ta wani zango kafin ya zama sankara, inda shimfiɗar ke yin kauri, bututu su cunkushe, ƙwayoyinsu su fara sauya kama. Iyakar da ke tsakanin wannan zango da sankara mai aji na 1 siririya ce ƙwarai, har wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2006 ya gano cewa kimanin kashi 43 cikin 100 na matan da samfurin farko ya nuna wannan zango, da aka cire mahaifarsu sai aka tarar da sankara a ciki.

Gida na biyu na Bokhman ba ya dogara da estirojin, yana kuma tsirowa a shimfiɗar da ta riga ta tsufa ta yi siriri. Jagoransa shi ne nau'in siros, wanda bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na masu ciwon ba, amma yake da alhakin kusan kashi 40 na mace-macen. Siros yana nuna iyakar lissafin bututu ƙarara, domin sau da yawa yakan gina bututu da rassa masu kama da yatsu, ta yadda wanda ya dubi tsarin kawai zai ɗauka ƙaramin aji ne, amma cibiyoyin ƙwayoyinsa munana ne kuma suna rabuwa da gaggawa. Kama da wane ba wane ba ne. Shi ya sa ba a yi masa lissafi, ana ɗaukarsa babban aji kai tsaye, kuma yana iya bazuwa cikin kogon ciki tun yana ɗan tsiro a saman shimfiɗa. A Amurka an tabbatar da cewa mata baƙar fata sun fi kamuwa da wannan nau'i da danginsa, kuma yawan mace-macensu daga sankarar mahaifa ya kusa ninka na farare, ko da yake jinkirin ganowa da bambancin samun magani su ma suna da hannu a wannan tazara.

Sauran nau'o'in da ake ɗauka babban aji sun haɗa da mai ƙwayoyi garau, wanda jikin ƙwayoyinsa ke bayyana kamar babu komai a ciki, da kasinosakoma, wanda wani sashensa ya rikiɗe ya ɗauki siffar tsoka ko guringuntsi ko ƙashi. An daɗe ana lissafa kasinosakoma cikin sankarar tsoka, har sai da nazarin ƙwayoyin gado ya nuna cewa sassan biyu galibi daga tushe ɗaya suke, kuma tushen na shimfiɗa ne.

Mafi bayyana ma'anar rasa bambantuwa shi ne ciwon da ake samun fuska biyu a cikinsa, gefe ɗaya endometiriyod mai ƙaramin aji da bututunsa a tsare, gefe ɗaya kuma, da iyaka a fili tsakaninsu, tarin ƙwayoyi marasa haɗin kai da ba su riƙe wata alama ta asalinsu ba. A yawancin irin wannan an gano cewa sashe na biyu ya rasa wasu sunadarai, kamar wanda ƙwayar gado SMARCA4 ke samarwa, waɗanda aikinsu shi ne buɗewa da rufe sassan kundin gado. Da zarar mabuɗin ya lalace, ƙwayar ba ta iya karanta shafukan da ke faɗa mata ita wace ce. Haɗarin a nan shi ne ƙaramin samfur zai iya faɗawa kan gefen mai sauƙi kaɗai, alhali ɗaya gefen ne zai ƙayyade tafiyar ciwon.

Inda ido yake gazawa

A ƙaramin aji, ƙwararru sukan yarda da juna. A babban aji ne saɓani yake. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya ba ƙwararrun likitocin binciken nama uku samfura 56 na sankarar cikin mahaifa mai babban aji, kowa ya duba shi kaɗai, sai aka sami babban saɓani a kan 20 daga ciki, fiye da kashi ɗaya cikin uku ke nan. Dalilin ba ƙarancin ƙwarewa ba ne. Gwargwadon yadda ƙwayoyi suka rasa kamanninsu, gwargwadon yadda nau'o'in ke komawa kama da juna, har endometiriyod mai aji na 3 da siros su yi wuyar rabewa. Haka nan ajin da aka bayar a samfurin farko yana dacewa da na ƙarshe, bayan cire mahaifa, a kimanin biyu cikin uku ne kawai. Rabon Bokhman ma ya kasa ɗaukar wasu ciwace-ciwacen, musamman endometiriyod mai aji na 3, wanda wani lokaci yake tafiya kamar gida na farko, wani lokaci kamar na biyu.

Rukunai huɗu na shekarar 2013

Amsar wannan ta fara fitowa ne daga shirin TCGA na Amurka, wanda ya nazarci ƙwayoyin gadon ciwace-ciwace 373 ya wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2013. Ya gano rukunai huɗu, kuma daga baya masu bincike a Kanada da Holan suka samar da hanyoyi masu sauƙi na gane su a ɗakin gwajin asibiti.

Rukuni mafi ban mamaki shi ne mai lahani a ƙwayar gado POLE, wadda aikinta shi ne gyara kurakurai yayin kwafar DNA. Ba ya kai kashi 10 cikin 100 na masu ciwon. Kurakuran da ke taruwa a cikinsa sun fi na kowane rukuni yawa, kuma a madubi sau da yawa yakan bayyana da mummunar siffa ta aji na 3, amma kusan ba ya dawowa bayan tiyata. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne yawan kurakuran yana sa ƙwayoyin su zama baƙi a idon garkuwar jiki, ita kuma ta far musu. Rukuni na biyu, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ko ɗan fiye, shi ne wanda wani tsarin gyara na daban mai suna MMR ya lalace a cikinsa. Na uku shi ne mai lahani a sunadarin p53, mai gadin da ke hana lalatacciyar ƙwaya ci gaba da rabuwa. Kusan dukkan siros a nan yake, amma binciken ya gano cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na endometiriyod mai babban aji ma a nan suke, kuma shi ne rukuni mafi haɗari. Na huɗu, mafi yawa, shi ne wanda ba a sami ko ɗaya daga waɗannan alamomi a cikinsa ba, kuma a cikinsa ne aji na gargajiya ya fi riƙe ƙimarsa.

Girman tazarar ya fito fili da aka koma kan samfuran gwajin magani na PORTEC-3, wanda ya ƙunshi matan da duk aka ɗauka suna cikin babban haɗari bisa tsohon ma'auni. Bayan shekara biyar, kashi 98 cikin 100 na rukunin POLE ciwon bai dawo musu ba, yayin da a rukunin p53 adadin ya tsaya a kashi 48. A wannan rukuni na p53 ne kuma ƙara kemoterafi, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, a kan gashi, wato ƙona ciwon da haske mai ƙarfi na na'ura, ya nuna amfani mafi bayyana. Idan ciwo ɗaya ya nuna alama biyu, misali POLE tare da p53, ana lissafa shi a POLE, domin an lura cewa halinta yake bi.

Ma'aunin 2023 da muhawarar da ta biyo baya

Sabon ma'aunin ya raba nau'o'i zuwa masu sauƙi, wato endometiriyod mai ƙaramin aji, da masu tsanani, wato aji na 3 da siros da sauran da aka ambata. Mai tsanani da ya taɓa tsokar mahaifa ko kaɗan yana komawa mataki na IIC (I na nufin mataki na 1, II na 2, harafin da ke biye kuma ƙaramin mataki ne a cikinsa), alhali a ma'aunin 2009 zai iya zama IA. Ya kuma shigo da yawan ƙananan jijiyoyin jini da na ruwan kaluluwa da ƙwayoyin ciwo suka kutsa, inda samun su a jijiyoyi biyar ko fiye ke ɗaga mai sauƙi zuwa IIB. Idan an yi gwajin ƙwayoyin gado, ciwon POLE da bai fita daga mahaifa ba yana saukowa zuwa IA komai munin siffarsa, na p53 da ya shiga tsoka kuma yana hawa zuwa IIC ko da siffarsa mai sauƙi ce. Matakai na 3 da na 4 ba sa sauyawa saboda wannan gwaji. Ƙananan matakan da suke 9 a da sun zama 19.

Masu goyon baya suna cewa amfanin mataki shi ne ya faɗa wa likita da mara lafiya abin da ke gaba, kuma ma'aunin da ke zuba ciwon da kusan ba ya dawowa da wanda ke dawowa ga rabin masu shi a kwando ɗaya ya gaza wannan aiki. Nazarce-nazarcen da suka sake auna tsofaffin bayanai da sabon ma'auni sun nuna ya fi rarrabe masu haɗari daga marasa shi.

Masu suka, waɗanda da yawansu likitocin binciken nama ne, ba su musanta ilimin ba. Hujjarsu ita ce mataki harshe ne na bai ɗaya da ya kamata ya ba da ma'ana guda a kowane asibiti, kuma an ɗora shi yanzu a kan abubuwan da aka san ƙwararru suna saɓani a kansu, kamar rabe nau'i a babban aji da ƙidayar jijiyoyi. Suna ƙara da cewa tunda gwajin ƙwayoyin gado ba wajibi ba ne a sabon ma'aunin, mace ɗaya za ta iya samun mataki biyu daban gwargwadon kayan aikin ɗakin gwajin da samfurinta ya je, kuma kwatanta alƙaluman jiya da na yau zai yi wahala. Shawararsu ita ce a bar mataki ya tsaya a kan yaɗuwa, a zuba sauran bayanan a wani jadawalin haɗari na daban, kamar yadda ƙa'idojin ƙungiyoyin likitocin Turai suka riga suka yi kafin 2023. Idan aka auna ɓangarorin biyu, za a ga cewa saɓanin ya fi karkata ga gurbin da za a rubuta bayanin fiye da ingancinsa, sai dai kukan da ake yi game da asibitocin da ba su da kayan aiki yana da tushe mai ƙarfi. Gwajin p53 da na MMR rini ne na musamman da ɗakin gwaji matsakaici zai iya yi, amma POLE yana buƙatar na'urar karanta jerin DNA, wadda ba ko'ina ake da ita ba.

Abin da wannan ke nufi ga mara lafiya

Tasirin farko yana kan faɗin tiyata. A ƙaramin aji da bai yi nisa ba, cire mahaifa da bututun ƙwai da jakar ƙwai, galibi tare da duba kaluluwar farko da ruwan mahaifa ke malala zuwa gare ta, yakan wadatar. A siros da kasinosakoma ana ƙarawa da cire kitsen da ke lulluɓe da hanji, saboda ɗabi'arsu ta bazuwa a kogon ciki. Bayan tiyata kuma, nau'i da aji da rukuni su ne ke raba wadda za a sa wa ido kawai da wadda za a yi wa gashi ko kemoterafi. Macen da ke rukunin POLE a matakin farko tana iya tsira daga magungunan da a da za a ɗora mata saboda munin siffar ciwonta, tare da wahalhalun da ke biye da su.

Ga matashiyar da ba ta gama haihuwa ba, riƙe kamannin asali yana da amfani kai tsaye. Ciwon endometiriyod mai aji na 1 da bai shiga tsoka ba yawanci yana riƙe da makarɓan furojestaron, don haka ana iya gwada danne shi da wannan sinadari, ta baki ko ta na'urar da ake sanyawa cikin mahaifa, tare da maimaita ɗaukar samfur duk bayan wata uku zuwa shida. Ana yin haka ne da sanin cewa ciwon yana iya dawowa, kuma akan ba da shawarar cire mahaifar bayan an gama haihuwa. Wannan ƙofa a rufe take ga babban aji.

Rukunin MMR yana da sakamako biyu. Shi ne ya fi amsa magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, irin su pembrolizumab da dostarlimab, waɗanda manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2023 suka nuna cewa haɗa su da kemoterafi yana jinkirta ci gaban ciwon da ya yi nisa ko ya dawo. Sannan wani sashe na wannan rukuni, kimanin kashi 3 cikin 100 na dukkan masu sankarar cikin mahaifa, lahanin nasu gado ne, wanda ake kira ciwon Lynch. Gano shi yana nufin matar tana buƙatar a riƙa duba hanjinta, kuma kowane ɗa ko ɗiya nata, da 'yan'uwanta uwa ɗaya uba ɗaya, yana da yiwuwar rabi da rabi na ɗauke da shi.

Da yake asibitoci ba su koma sabon ma'auni a lokaci ɗaya ba, wasu ma har yanzu na 2009 suke amfani da shi ko su rubuta duka biyun, lambar mataki ita kaɗai ba ta isa a kwatanta halin mace ɗaya da na wata ba, ko a kwatanta takardar bana da ta shekarun baya. Wadda aka yi wa magani kafin 2023 ba ciwonta ne ya ƙaru ba don an ce a sabon lissafi matakinta ya hau. Mai riƙe da takardar sakamako tana da haƙƙin ta tambayi likitanta da wane ma'auni aka rubuta matakin, ko sakamakon na samfurin farko ne ko na mahaifar da aka cire, da kuma ko an yi rinin p53 da na MMR. Idan ciwon babban aji ne kuma ba a tabbatar da nau'insa ba, ana iya aika gilasan da dunƙulen kakin da ke riƙe da naman zuwa wani ƙwararre ya sake dubawa, ba tare da an sake yi wa matar wata tiyata ba.